Ƙyauren Alhaji a Gidan Gwamnati

Na karanta tarihin dauloli gwargwadon abin da gara ta rage a ɗakin karatun makarantarmu, na kuma koyar da shi shekaru masu yawa, ga kuma abin da na tsinta a ƙarshe: ba a sanin nauyin gwamnati a fagen fama ko a zauren sulhu. A ƙofar ɗan haya ake sanin sa, ranar da mai gida ya yi sallama aka miƙa masa kujera ya ƙi zama. Daular da ta iya sa hannu a aljihu a wannan rana ta ce wa ma'aikacinta, “Ungo, cika ka ba shi,” ta cancanci a rera mata take a tsaye, hannu a ƙirji. Wannan ungo ɗin shi ake kira alawus ɗin gida, ni kuwa na yi imani da shi kamar yadda manomi ya yi imani da ruwan tsakiyar damina.

Ƙa'idar ba ta da wuya, kuma tun muna jihar Gongola haka take. Ma'aikaci ko dai a ba shi gida a kwatas, ko a ƙara masa wani abu a albashi ya kama haya. Ba a haɗa wa mutum duka biyun. Ni gida aka ba ni, jim kaɗan bayan an raba jiha an ce mana yanzu mu 'yan Adamawa ne: ciki biyu da falo a kwatas ɗin malamai na wata makaranta da ke hanyar Bahuli, da bishiyar mangwaro a gaba wadda ta fi gidan kyan gani. A nan aka haifi 'ya'yanmu duka. Ban taɓa ganin alawus ɗin gida da idona ba. Nakan dai ji abokan aiki masu haya a cikin gari suna zagin ƙanƙantarsa a ɗakin malamai, ni kuma in tashi in kare shi da hujjoji, don kare abin da ba ka buƙata ba ya cin ko kwabo.

Sai shekarar gudu ta zo. Ba zan ba da labarinta a nan ba. Duk wanda ya zauna a Mubi yana da nasa, kuma na mutane da yawa ya fi nawa nauyi nesa ba kusa ba. Abin da ya shafi zancenmu shi ne, da harbi ya matso muka fito daga mu sai kayan jikinmu, na juya da gudu na datse ƙofa da kwaɗo, na jefa makullin a aljihu. Matata tela ce, ba ta ɓarnar zare, ba ta ɓarnar magana. Ta tsaya da autarmu a goye tana kallona, ta ce, “Malam, ka leƙa ko ka bar takalminka ba a jere ba.” Makullin nan ya bi ni cikin duwatsu, ya bi ni Maiha, ya bi ni har Yola, inda muka yi zaman cin arziki a gidan yayanta.

Da ƙura ta lafa muka dawo, na tarar makullina lafiya lau, gidan ne ya sha wuya. Bango yana nan. Rufi ya ƙone rabi, rabin da wuta ta bari an kwashe kwanonsa. Ba taga, ba ƙyaure, har katakon bakin ƙofar an ɓamɓare shi. Awakin wani suna kwance a inda gadonmu yake dā, suka ɗago suka yi mini irin kallon da akawu ke yi wa wanda ya zo bayan an tashi daga aiki.

Muka kama ciki da falo a cikin gari, a gidan wani Alhaji mai sayar da yadi. Kakansa daga ƙasar Katsina ya zo fatauci, amma shi a Mubi aka binne cibiyarsa, Fulatancinsa ma ya fi nawa. Shi ma an wawushe masa shago, ya dawo ya sake farawa daga tebur. Ya ba mu ɗakunan a kan tsohuwar haya don ya san ni. Na koyar da 'ya'yansa biyu, ɗaya ma na sha korar sa daga aji, abin da Alhaji ke lissafawa a cikin alheran da na yi masa. Mu masu zuwa coci ne, su masu zuwa masallaci, a lokacin da maƙwabci ke kallon maƙwabci ta gefen ido. Bai taɓa ɗaga zancen ba, sai dai in ya ga mun fito ranar Lahadi yakan ce, “Malam, a sa mu a addu'a, kasuwa ta kwanta.” Yayan matata ya haɗa mata tsohon keken ɗinki muka zo da shi, ta ajiye a falo, muka fara zama kamar mutane.

Amma gari ya cika maƙil. Mutanen garuruwan da ke arewa da mu, waɗanda aka ƙona wa gidaje, duk a Mubi suka yada zango, kowa na neman inda zai sa haƙarƙarinsa. Haya ta tashi kamar kuɗin rago ana gobe Salla. Wata rana bayan la'asar Alhaji ya yi sallama, na jawo masa kujera, ya ce a bar shi, a tsaye ma ya isa.

“Malam, wallahi kunya nake ji, amma kunya ba ta cika tukunya. Akwai wani bawan Allah ɗan kasuwa, an ƙona masa shago da gida, yana neman ɗaki shi da iyalinsa da ɗan abin da ya tsira da shi. Ya ce zai ba da na shekara a dunƙule, kuma ninkin naka. Ban amsa masa ba. Na ce ina da malami a ciki. In za ka iya matsowa kusa da abin da ya faɗa, ko ba ka kai ba, kai ne a gaba. Sai dai ina so in san matsayarka kafin ruwa ya sauka.”

Albashina a lokacin ko an ja shi kamar danƙo ba zai kai inda Alhaji ke nufi ba. In kuwa muka fita, ba mu da wurin zuwa sai wajen awaki, da yara, da damina a kanmu. A nan ne tsohon imanina ya motsa. Na ce, “Alhaji, kwantar da hankalinka. Gwamnati ta yi tanadi domin irin wannan rana.”

Ya dube ni tun daga hula har takalmi. Ya ce, “Allah ya sa ta tuna.”

Washegari na tafi ofishin da ke kula da gidajen ma'aikata. Jami'in gidajen dattijo ne da ya kusa ritaya, mai tsabta, mai ladabi, wanda bai taɓa karɓar ko goron kowa ba. Da ya kasance maciyin hanci da abin ya zo mini da sauƙi. Muka gaisa, na ajiye masa makulli a tebur.

“Oga, na zo in mayar wa gwamnati gidanta, ta fara ba ni alawus.”

Ya ɗauki makullin ya jujjuya. “Wannan yana buɗe mene, Ticha?”

“Kwaɗo.”

“Kwaɗon yana ina?”

“Yana jikin ƙyaure.”

“Ƙyauren fa?”

“Oga, da na san inda yake ai da can na nufa.”

Sai ya gyara zama ya karanta mini yadda ake miƙa gida, a hankali, kamar mai koya wa yaro alwala. Jami'i zai bi mai gidan har wurin. Mai fita zai kulle ƙofa a gabansa. Jami'i zai karɓi makulli ya buɗe da hannunsa, ya shiga ya duba, ya fito ya sake kullewa, ya sa makullin a aljihunsa. Daga wannan lokaci gida ya koma hannun gwamnati, mutum ya zama ɗan haya mai haƙƙin alawus. Haka ya gada daga wanda ya gada daga Bature. In babu abin kullewa, babu abin karɓa.

“Saboda haka a wurinmu, Ticha, kana ciki.”

“Oga, awaki ne a ciki.”

“Awaki ba su da lambar ma'aikaci.”

Na ce to a gyara gidan mana, a sa ƙyaure, sai in miƙa. Ya ce gyara na wani ofis ne, su kuma ba sa taɓa gida da mutum a ciki, sai ya fita. Na ce ai na fita. Ya ce fita ba ta tabbata sai an miƙa. Ya faɗi haka fuskarsa cike da tausayi, har ya aika aka sayo mini ruwan sanyi.

Na koma ofishin nan har masinja ya daina tambayata wa nake nema. Na je da hoton gidan a waya, ya ce hoton ya yi kyau. Na je da shugaban makarantarmu ya yi shaida, suka gano ashe ajinsu ɗaya a kwalejin horon malamai, suka yini suna lissafa waɗanda suka mutu. Na kawo masa misalai daga tarihi, na garuruwan da aka miƙa ba tare da ƙofa ba bayan an rushe ganuwarsu. Ya ce bai musa ba, amma waɗannan ba a ƙarƙashin ofishinsa suke ba. Daga nan na daina gardama. Na ce wa kaina tunda ƙa'ida ƙyaure take so, za ta ga ƙyaure, ko da a kaina zan ɗauko shi.

Sai dai a shekarar ƙyaure ya fi zinariya daraja. Rabin gari na neman sa. Kafintoci sun zama manyan mutane, sai ka gaishe su sau biyu kafin su ɗago. Da na ji kuɗin sabo, na yi godiya na fito da baya. Na biya teburin Alhaji a kasuwa na zayyana masa komai. Ya saurara yana naɗe yadi, can ya tsaya.

“Shi wannan ƙyauren, na kwana nawa ake buƙatar sa?”

“Yini ɗaya. A kulle, a buɗe, a kulle.”

“To ai ga na ɗakinku nan.”

Wanda bai san garinmu ba zai yi mamaki, amma mu a wurinmu ana aron komai. Ana aron tabarma ranar suna, tukunya ranar biki, babbar riga ranar zuwa gaban surukai, har shanun huɗa ana aro. Ba a taɓa jin an hana aron ƙyaure ba, don dai ba wanda ya taɓa nema. Alhaji yana son haya, ni ina son ɗaki, muka ga dabarar ta yi kyau har muka tafa. Ya dai ɗaga yatsa ya ce, “Aro ne fa, Malam. Babana ne ya sa aka yi shi. Yadda ya fita haka zai dawo.”

Da na gaya wa matata, ta tsayar da keken ɗinki ta cire allura daga baki.

“Bari in ji ko na gane. Za a cire ƙofar gidan da muke ciki, a kai wa gidan da ba ma ciki, don a tabbatar ba ma ciki.”

“Haka ne.”

“To. Allah ya ƙara ilimi.”

Ƙyauren na tsohon katako ne mai nauyi, an lulluɓe shi da kwano an shafa masa koren fenti. Muka samu wani kafinta da ya yarda ya ba mu rabin yininsa, ya ciro shi har da katakon bakin ƙofar, tunda can babu abin da za a maƙala shi. Muka rataya asabari a gurbinsa. Matata ta kinkimi keken ɗinkinta ta kai ɗakin Hajiya, matar Alhaji, ta ce ba ta yarda da asabari a kan abin da take ci da shi ba.

An hana babur a lokacin, don haka akori-kura muka shiga, irin mai kai mutanen Bahuli gida in an tashi kasuwa. Aka kwantar da ƙyauren a baya. Kafin in yi magana mata uku sun zauna a kai da kwandunansu, suna cewa yau direba ya yi abin kirki, ya sa benci. A bakin mayo, wato kogi, akwai shinge, sojoji a inuwa, 'yan banga a rana. A kwanakin nan duk wanda aka gani da ƙyaure abin tuhuma ne, don ana ta gano na mutane a gidajen da ba nasu ba. Wani ɗan banga mai bindigar toka ya leƙo, ya sa matan suka tashi.

“Na wa ne wannan?”

Na ce nawa ne, wato na mai gidana, wato aro.

“Baba, tsaya. Kowa shigowa da ƙofa gari yake yi, kai kana fita da ita. Ina za ka kai?”

“Gidan gwamnati.”

“Gwamnati ta rasa ƙofa?”

“Ta rasa.”

Ya kira ɗan'uwansa ya zo ya ji. Na fara bayanin ƙa'idar miƙa gida daga tushe, na ga idanunsu suna ƙanƙancewa, irin yadda na ɗalibai ke yi in an shiga darasin bayan cin abinci, sai dai waɗannan da bindiga. Sai da na buga wa Alhaji waya ya yi ta rantsuwa daga kasuwa, ana jin sa har gaban mota. Abin da ya cece mu dai wata tsohuwa ce daga cikin matan benci. Ta ce, “Ku bar shi, malami ne, shi ya koya wa yarona. Ba ɓarawo ba ne. Karatu ne ya yi masa yawa.” Suka yi dariya suka ɗaga shinge. Ban taɓa samun shaidar da ta fi wannan amfani ba.

Kafinta ya kafa katakon a bango ya ɗaure shi da siminti, ya rataya ƙyauren. Na kori awaki, na share kashinsu, na maƙala sabon kwaɗo. Muka ja da baya muka duba. Gida ba rufi, ba taga, bango baƙi ƙirin da hayaƙi, ga koren ƙyaure a tsakiya yana sheƙi kamar haƙorin Makka a bakin da ba sauran haƙori.

Jami'in bai zo ranar ba, motar ofis ba mai. Da aka samu mai, aka kira shi taro. Da aka gama taro, aka yi masa rasuwa, na je gaisuwa na zauna a tabarma ina yi wa mamacin addu'a da rabin zuciya, rabin tana hanyar Bahuli. Yini ɗaya ya zama mako, mako ya haifi ɗan'uwansa. Ina koyar da faɗuwar dauloli ina leƙen ƙyauren ta tagar aji, kada wani ya riga gwamnati. A gida kuwa kajin Hajiya sun gano asabari ba ya hana shiga, suka mai da falonmu wurin shan iska. Alhaji ya daina cewa a sa shi a addu'a, sai dai ya ce, “Malam, yaya baƙonmu na ƙauye?” Gabas ta fara haɗa gira da yamma, iska tana kawo ƙanshin ƙasa daga wajen duwatsu.

Ranar da na ga hadari ya yi baƙi sosai ya watse, na ce ba zan sake jiran motar ofis ba. Na je na tsaya a kan dattijon nan da ladabi, irin ladabin da ba ya tafiya. Na biya masa kujerar gaba a akori-kura, na ɗauko kafinta ya zauna a baya da gudumarsa, don a gama a cire a koma da ƙyauren kafin magariba.

Ban taɓa halartar naɗin sarauta ba, amma ba na jin ya fi abin da aka yi ranar nan natsuwa. Na kulle kwaɗo a gabansa. Na miƙa makulli da hannu biyu. Ya buɗe, ya yi sallama, ya shiga. Ta gurbin taga ina hango shi yana zagaya ɗakunan, ya ɗaga kai ya dubi sararin sama inda silin yake dā, ya gyaɗa kai. Ya fito ya kulle, ya jijjiga kwaɗon ya tabbatar, ya zura makullin a aljihun gaba. Sannan ya buɗe jakarsa ya fito da ɗan gwangwanin farin fenti da buroshi, ya rubuta lambar gidan a tsakiyar ƙyauren da kyakkyawan rubutu irin na mutanen dā. Ya miƙo mini hannu.

“Ticha, ka fita lafiya. Gwamnati ta gode.”

Na yafuto kafinta daga gindin mangwaro, ya taso yana gyara guduma.

“Me za ku yi?” in ji jami'in.

“Za mu cire, Oga. Na aro ne.”

“Subhanallahi!” Ya shiga tsakanin kafinta da ƙyauren ya ware hannuwa. “Yanzun nan na karɓi gida da ƙyaurensa. Ga lamba a jiki. In aka zo dubawa aka tarar babu, wa za a kama? Duk wanda ya taɓa wannan ya fasa gidan gwamnati, kuma ka san zamanin da muke ciki.”

“Oga, ai ta taga ma ana shiga. Ga akuya can ta shiga.”

“Ban karɓi taga ba, Ticha. Ƙyaure na karɓa.”

Mu uku, ni da Alhaji da kafinta, mun auna faɗi mun auna tsawo, mun yi lissafin siminti da kuɗin mota, amma ba wanda ya tsaya ya tuna cewa wanda ka ba makulli ka ba shi abin da makullin ke riƙe da shi. Mun saba da aro tsakanin mutane, inda mai karɓa ya san zai mayar. Ba mu taɓa ba gwamnati aro ba.

Dattijon ya ga halin da nake ciki, ya sassauta murya. Ya ce akwai hanya. Zai iya mayar mini da makulli yanzu, a yi kamar ba a yi ba, in cire ƙyaurena in tafi da shi. Sai dai in na yi haka na koma ciki. Ya fito da makullin ya riƙe a tafin hannu yana jira. Kafinta ya ce, “Malam, karɓi mu tafi, rana tana yi.” Na dubi ƙyauren, na tuna fuskar Alhaji, na tuna kuma cewa in ba alawus ba ɗaki, ko da ƙyaure ko babu. Na ce, “Oga, mayar da shi aljihu. Na fita, kuma ba na komawa.”

Na sami Alhaji yana auna wa wata mata atamfa. Na jira ta tafi, sannan na faɗa masa a tsaye. Ya yi ta shafa yadin da ke gabansa da tafin hannu.

“Wato ƙyauren babana ya shiga aikin gwamnati.”

“Ya shiga, Alhaji. Har an ba shi lamba.”

“To Allah ya sa ya ga fansho.” Ya jefar da almakashi a tebur. “Malam, na yi haƙuri da kai don kai malami ne. Amma yanzu ba haya, ba ƙyaure. Gobe zan kawo mutumin nan ya ga ɗaki. Kada ka ga laifina.”

Ban ga laifinsa ba. Na koma gida na gaya wa matata, ta tashi ta fara haɗa kwanuka a buhu.

Da hantsi suka zo. Ɗan kasuwan mutum ne siriri mai sanyin murya, ya gaishe mu yana sunkuyar da kai, don ya san abin da zuwansa ke nufi. Ya tsaya a bakin ɗakin. Ya ɗaga asabarin, ya dubi gefen bangon inda aka ɓamɓare katako, ya sake shi a hankali.

“Alhaji, ina ƙofar?”

“Tana nan zuwa. Ta ɗan yi tafiya ne.”

“Alhaji, ka yi haƙuri. Ni daga gidan da ba ƙofa na fito. Ɗan abin da ya rage mini a duniya buhu shida ne na kaya, ba zan kwantar da su bayan tabarma ba. In an sa, a neme ni.”

Alhaji ya aika aka tambayo masa kuɗin sabon ƙyaure da katakonsa. Da aka faɗa masa ya yi salati, ya ce a sake tambayowa ko kafintan ya ɗauka gida ake so ya gina. Kafin a yi haka mutumin ya samu wuri a wajen unguwar Kolere, ya aiko da godiya. Wasu biyu suka zo bayansa, kowa ya ɗaga asabari ya sake. Da yamma Alhaji ya yi sallama, wannan karon ya zauna.

“Malam, ni ba zan sayi ƙyauren da ban ɓatar ba. Wanda ya kai wa gwamnati shi zai mayar. In alawus ɗinka ya fito, ka fara da ƙyaure, sannan mu yi zancen ƙarin haya. Kafin nan ka zauna ka yi mini gadin ɗaki.”

Matata ta zazzage kwanukan daga buhu. A makon ruwa ya sauka, ta ɗinka wa asabarin rigar leda, ta yi masa har da kalmasa.

Saura takarda, ita kuwa sai Yola. Jami'in ya cika alkawari, ya rubuta cewa ya karɓi gida, amma takarda a ƙasarmu ba ta tafiya da ƙafarta, sai an goya ta. Na goya. Na bi hanyar Yola a lokacin da ake sauke fasinja a kowane shinge ya wuce a ƙasa hannu a sama, na riƙe fayil a sama kamar tuta. A sakatariya na koyi abin da ba a koyarwa a kwaleji: wane tebur ake gaisarwa da Fulatanci, wane ne ba a zuwa ranar Juma'a, wace baiwar Allah ce ke riƙe da makullin kabad in mai kabad ya tafi ta'aziyya. An ce mini fayil ya ɓace, na zauna a benci na fito da littafi, na ce zan jira ya dawo. Ya dawo. An ce mai sa hannu ya tafi kwas, na tambayi ranar dawowarsa, ya tarar da ni a bakin ƙofa kafin ya tarar da kujerarsa. Na kwana a gidan surukina sau da dama har yaransa suka fara tambaya ko an sake gudu ne. Duk dawowar da zan yi, Alhaji na zaune a ƙofar gida da carbi, ya ce, “Yaya?” in ce, “Ya matsa tebur ɗaya.” Ya ce, “Tebur nawa ne a garin?”

Ana cikin girbin gyaɗa wata mata mai gilashi ta kira ni cikin ofis, ta juyo mini da fayil ɗin ta nuna mini sa hannu da jan biro. An amince. Daga wata mai kamawa ni ɗan haya ne a idon hukuma, mai cikakken haƙƙin alawus ɗin gida. Na yi mata godiya da Hausa, na ƙara da Fulatanci, na fito na tsaya a rana ina jin kamar na ci gari da yaƙi.

Na dawo Mubi da tsire a takarda. Alhaji ya karanta kwafin da na kawo, ko in ce ya riƙe shi ya dubi jan biron, ya ce lallai Malam kai namiji ne. Na kira kafinta ya zo ya auna bakin ƙofa, muka yi ciniki a kan sai ƙarshen wata. Matata ta ce shuɗi take so, ta gaji da kore. Ranar Litinin na ajiye darasin da ke kan tsari, na yi wa 'yan aji na ƙarshe jawabi a kan ɗan ƙasa da haƙƙinsa: cewa hukuma tana da nauyin ji amma ba kurma ba ce, kuma wanda ya bi ƙa'ida har ƙarshenta zai tarar da wani abu a can. Har tafi suka yi mini.

Alawus ɗin gida ba a hannu ake ba da shi ba, a cikin albashi ake zuba shi. A watan ne aka daina biyan albashi.